Saura Ɗango Biyu

Litinin, 7 ga Yuli, bayan Azahar

Hajiya Mastura mai kantin magani ce ta nuna min a wayarta da ta zo awon riga. Ta ce, "Azumi, wannan ba ƙaninki ba ne?" Shi ne. Misbahu, da sarewar ƙarfe a kaikaice a bakinsa, ido a lumshe kamar mai addu'a. A ƙasan hoton an rubuta da Turanci cewa ranar Lahadi 27 ga wata, ƙarfe huɗu, a wani zauren kiɗa a Ikoyi, zai busa sabon kiɗan da ya tsara, sarewa ita kaɗai, ba ganga ba murya. Sunan kiɗan wai Numfashi. Sai wani ƙaramin rubutu a can ƙasa, wai an samo shi ne daga wata tsohuwar waƙar Hausa da ba a san mai ita ba.

Ba a san mai ita ba.

Na karanta sau uku, tef ɗin awo na rataye a wuyana. Mai ita sunansa Malam Ridwanu Mai Goro, ubana kuma ubansa. A ɗakin nan da nake zaune ya yi ta, a Agege, taku arba'in daga layin dogo, yana ƙara mata baiti in abin ya zo masa. A ɗakin nan ya rasu bara da damina, kansa a kan cinyata, bayan na yi shekara shida ina jinyarsa. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar goronmu ya san Waƙar Jiran Jirgi. Yau kuma ta zama marainiya, a bola aka tsince ta.

Ko sunan da ke jikin hoton ma "Misbah Agege" ne. Agege ce ta haife shi ke nan, ita ta yanka masa ragon suna.

Na ce wa Hajiya kama ce dai. Na auna ta ba daidai ba, sai da na sake.

Daga yau ba zan ƙara rubuta sunansa a littafin nan ba. Mai busa ya ishe shi.

Talata, 8 ga Yuli, da hantsi

Ruwa tun asuba, kwata ta cika har ta leƙo soro. Ba a san mai ita ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan La'asar

Bari in rubuta yadda aka yi, don kada gobe a ce baƙin ciki ne ke damuna.

Shekara ashirin da uku rabonsa da zama a gidan nan. Yana can tsallaken gada, ɓangaren su Ikoyi, yana koya wa 'ya'yan manya busa. Daga sallah sai sallah zai aiko da gaisuwa ta bakin Gwaggo Kande, ƙanwar Baba. Ni ce mai ɗaga Baba in fuka ta taso masa, ni ce mai dafa ruwan zafi, ni ce mai zaryar asibiti, ni ce mai wanke abin da ba a faɗa. A shekara ta uku mijin da ya gaji da jirana ya aiko min da takardata. Ko kuka ban yi ba, ba lokaci.

Sai ga shi mako guda kafin rasuwar, da jakar goyo da ledar lemo. Kwana uku ya yi. A rana ta uku ya durƙusa ya ce, "Baba, ka rera min Jiran Jirgi, ina so in riƙe." Ya ajiye wayarsa a gefen matashi. Mutumin da ba ya iya haɗa salati ɗaya sai ya huta, sai ga shi ya ce in tayar da shi zaune. Ni na tallabe bayansa, ina jin ƙirjinsa na kurari a tafin hannuna. Ya faro daga inda ya zo Ikko yana saurayi don ya yi damina ɗaya ya koma Kano, kowane baiti ya sauke shi a kan zancen nan nasa, jirgin da ya kawo ni bai dawo ba. Ya kai baiti na sha tara, numfashi ya yanke masa a tsakiya. Mai busa ya kashe wayarsa, ya yi godiya, ya je ya hau motar danfo.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina jin zafinsa har cikin haƙorana.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Gwaggo Kande ta zo. Ta haura shekara hamsin a Agege, in ranta ya ɓaci Yarbanci ne ke fara zuwa bakinta.

Na ce, "Gwaggo, kin ga abin da ɗanki ya yi?"

"Na gani, ya turo min. Ni ban iya boko ba, amma hoton ya yi kyau."

"Ya ce ba a san mai waƙar ba."

Ta daɗe tana tauna goronta. "To me kike so ya ce?"

"Sunan ubansa."

"O ti to, Azumi, ya isa haka. Ke kika fi kowa sanin dalili. Kina bakin ƙofa ranar."

"Wace rana?"

"Ranar da aka ciro sarewa daga cikin huhun goro. Ranar da Yaya ya lanƙwasa ta a gwiwarsa ya ce, ka yi busarka in ka ga dama, amma kada sunana ya taɓa haɗuwa da ita, ina raye ko ina kwance. Yaron nan yana da sha biyar lokacin. Maganar yake riƙe da ita har yau, shi ya sa ko a jikin sunansa bai sa ba."

Na ce ni ban tuna ba.

Ta ce, "Wa ya gaya wa Yaya inda aka ɓoye ta?"

Na ce miyata za ta kama, na tashi.

Tsofaffi akwai riƙo. Ina da sha tara lokacin, kuma huhun goro amanar mutane ce, ba wurin ɓoye ƙarfe ba. Ba abin da zan ƙara a kan wannan.

Lahadi, 13 ga Yuli, da safe

Na ja keken ɗinki in share ƙarƙashinsa. Takardar da Baba ya ba ni tana nan inda na sa ta. Ban buɗe ba.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan La'asar

Mai busa ya zo. Da ƙafarsa, har da sallama irin ta mutanen kirki. Ya tsuguna a bakin shago, wandonsa na shan ruwan kwata, ya ce, "Yaya, ina wuni." Furfura ta fara fito masa a gemu. Ban san yaushe ya samu damar tsufa ba, shi da bai taɓa ɗaukar fo ba.

Na ce lafiya, na ci gaba da taka keke.

"Yaya, abeg, alfarma na zo nema. Rigar Baba shuɗiyar nan ta Juma'a, in tana nan, ina so in sa ta ranar."

"Ta wane Baba? Na ji an ce ba a san shi ba."

Ya sunkuyar da kai. "Kin san ba zan iya ba. Sunansa ba zai shiga zauren ba. Na ce ko rigarsa ta shiga."

Saura kaɗan in jefe shi da almakashi. Sai wani abu ya faɗo min a rai, mai sanyi, na ji har kafaɗuna sun sauka. Na shiga na ɗauko rigar. Baba ya fi shi jiki nesa ba kusa ba, dole sai an rage ta. Na ce ya miƙe in auna. Na ce ya nuna min yadda yake riƙe abin nasa in zai busa. Ya ɗaga gwiwoyin hannunsa biyu sama, ya karkata su dama, kamar mai shanya zani a igiya. Na auna hammata sau biyu, na rubuta.

Ya ajiye tikiti biyu a kan teburin yanka, nawa da na Gwaggo. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Yaya, kin tabbata Baba bai rufe waƙar ba? Duk sauran waƙoƙinsa, baitin ƙarshe sai ya faɗi sunansa, yadda malamai ke yi. Ita kaɗai ce ba ta da shi."

"Na gaya maka ranar sadakar uku. Ya ce ba zai rufe ta ba sai jirgi ya dawo. Bai rufe ba."

Ya ce to. Ya bar min ledar lemo. Wannan bawan Allah da lemo, ko uban wa ya ce masa lemo na maganin wani abu.

Alhamis, 17 ga Yuli, da rana

Na rage rigar. Kafaɗa daidai, tsawo daidai, wuya daidai. Hammata kuwa na cinye inci biyu a kowane gefe, na bi da ɗinki sau biyu. In yana tsaye hannu a ƙasa, za ta zauna masa kamar a jikinsa aka saƙa ta. Ya ɗaga hannun ya ji.

Na aika masa cewa aiki ya yi min yawa, sai ranar zan kai masa da kaina. Rama cuta ga macuci ibada ne.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan Azahar

Riga ba ta isa ba. Riga wasa ce.

Bari in gaya wa littafin nan tunda ba shi da baki. Baba ya rufe waƙar. Washegarin ranar da mai busa ya tafi, ya ce in kawo masa alƙalami da tawada. Na ce ya faɗa in rubuta, ya ce a'a, wannan da hannunsa zai yi. Na ɗora masa takarda a kan faranti, na riƙe masa kwalbar tawada. Baiti ɗaya, amma tun Azahar yake yi sai La'asar ya gama, ajamin nasa duk ya karkace. Ya ninke ta ya sa min a tafi ya rufe min yatsu a kai. Abin da ya ce in yi da ita ba zan rubuta ba.

Ga baitin:

In an ce wa ya yi waƙar nan,
Ridwanu ne, mai goron nan,
Uban Azumi mai jinyar nan.

Iyakar abin da ya shafi jama'a ke nan.

Na san abin da zan yi. Zan zauna a kujerar da ya ba ni. In ya gama busarsa, kafin a tafa masa, zan miƙe in rera wannan da karin Baba, a gaban Turawansa da manyan mutanensa. Kowa ya ji mai waƙa yana da suna, kowa ya san ƙarya aka rubuta a takarda. Alkawarin nan da yake tinƙaho da shi kuma in ɓalle masa shi a hannu, sunan Baba ya haɗu da busarsa ko yana so ko ba ya so. Ya ɗanɗana yadda ake ji in mutum ya riƙe abu shekara da shekaru aka mayar da shi banza.

Talata, 22 ga Yuli, da hantsi

Ina gwada muryata in keke na tafiya, don kada maƙwabta su ji. Ta dushe, amma karin yana nan. Shekara shida ina jin sa safe da yamma, ina zai je.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan La'asar

Gwaggo ta zo karɓar tikitinta. Ta ga rigar a rataye, ta kama hannun ta ɗaga, ta leƙa ciki, ta saki.

"Wannan hammatar ta ɗan yaye ce?"

"Haka ake yayi yanzu, Gwaggo."

"Ehen." Ta zauna. Can ta ce, "Talatar da na zo duba Yaya, kwana uku kafin ya cika, na ga tawada a ɗan yatsansa."

"Rubutun sha ya yi."

"Mutumin da ba ya iya riƙe cokali." Ta ɓare goro ta miƙo min rabi, ban karɓa ba. "Ni ban tambaye ki komai ba, 'yar nan. Amma amanar mamaci ba ta ruɓewa, sai dai ta ruɓar da mai riƙonta."

Na ce ni ba wanda ya ba ni amana. Da ta tafi na ga na ɗinka wa Hajiya Mastura hannun riga a bai-bai, sai da na farke duka.

Asabar, 26 ga Yuli, da yamma

Na goge rigar da sitati, na ninke ta a farar leda. Kada a ce ban yi aikina ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan Isha'i

Na yi.

Litinin, 28 ga Yuli, da safe

Ban buɗe shago ba. Bari in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Mun isa ƙarfe uku, na miƙa masa ledar a ƙofar baya. Zauren sanyi kamar cikin firji, kujeru jajaye, mutanen ba su kai ɗari biyu ba, Turawa da Yarbawa masu tabarau, suna magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Gwaggo ta duba dandamalin ta ga ba komai sai fitila ɗaya, ta ce, "Ina makaɗan?" Na ce shi kaɗai ne. Ta ce, "Ko mai kalangu babu? Pele o, sannu yaron nan."

Ya fito a rigar Baba. Ban yi tsammanin zan ji abin da na ji ba, don tafiyarsu ɗaya, har ɗan karkata kafaɗar nan. Ya tsaya, ya ɗaga sarewar, hannun ya ƙi wuce rabin hanya. Ya ja numfashi ya ƙara ɗagawa da ƙarfi, sai ɓarrr, hammatar dama ta yage. A shirun nan har na can baya sun ji. Wata mata ta rufe bakinta. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daɗin ya kai kamar minti ɗaya.

Ni na zata waƙar zai busa sumul, yadda 'yan makaranta ke busa take. Ashe yadda Baba ya rera ta ranar ya bi, sak. Karin yana nan, amma duk inda numfashin Baba ya yanke, nan shi ma yake yankewa. Sai ya ja iska ta cikin sarewar ba sauti, kurarin ƙirjin nan da na sani a tafin hannuna. Inda Baba ya yi tari, sai ya daina busa ya buga maɓallan ƙarfen da yatsu, ƙwas ƙwas ƙwas, ya dakata, sannan ƙwas. Uku da ɗaya. Haka tarin Baba yake, ni kaɗai na zata na san wannan a duniya.

A baiti na bakwai ya yi shiru mai tsawo, har wani ya motsa a kujera. Nan ne na miƙa hannu na ɗauko kofi ranar. Sai ya busa sauti biyar ƙasa-ƙasa, ba cikin karin waƙar ba. Gwaggo ta damƙi wuyan hannuna ta ce, "Ke ce nan." Na sani. Maganata ce ta ranar, sha ruwa, Baba. Har da yadda nake jan ƙarshen in na gaji. Ashe har ni ya kwashe a wayar tasa, bai tambaye ni ba. Idona ya kawo ruwa, na ji haushin idon, na mayar da shi.

A na sha tara ya hau, ya hau, ya tsaya cak a tsakiya, sarewar na bakinsa, farar singiletinsa na leƙowa ta hammata. Ba wanda ya yi motsi.

Na miƙe. Gwaggo ta ja min mayafi, na fizge. Na rera. Muryata ta fita fiye da yadda na zata, zauren an gina shi ne don ya ɗauki sauti. In an ce wa ya yi waƙar nan. Ridwanu ne, mai goron nan. Da na kira sunan na ga sarewar ta sauka daga bakinsa a hankali. Uban Azumi mai jinyar nan. Na datse bakina, na zauna.

Sai tafi ya ɓarke. Suka miƙe tsaye, suna juyowa suna tafa min. Wawaye, sun ɗauka cikin wasan ne. Wata Baturiya ta rungume ni tana kuka, wani mai gemu ya tambaye ni wata nawa muka yi muna gwaji. Ba wanda ya ji kalma ɗaya balle ya san ƙarya aka rubuta masa a takarda. Mutum ɗaya ne ya ji a zauren nan ban da Gwaggo, kuma shi bai rusuna wa masu tafin ba. Ya tsaya kawai, fuska kamar toka, sannan ya shige.

Na same shi a lungun baya, zaune a kan wani akwati.

Ya ce, "Yaya, ashe ya rufe."

"Ya rufe. Ka ji sunansa, mutanenka ma sun ji. Je ka gyara takardarka."

"Shekara ashirin da uku ina riƙe da maganarsa. Yau ina cikin rigarsa, sarewa a hannuna, aka kira sunansa a kaina." Ya ajiye sarewar a gefensa. "No wahala. Allah ya ga ba ni na faɗa ba."

Abin da na zo gani ke nan, na kuwa gan shi. Na juya zan tafi.

"Yaya. Baba ba ya yin ƙwar uku. Shekara guda na yi ina zaune da baitocin nan sha tara, kowanne ɗango biyar ne, na biyar shi ke sauke waƙar. Kin rera uku. Saura biyu."

"Iyakarsa ke nan."

Ya ce, "In tsinuwa ce a kaina, ki riƙe. Na gode da kika rufa min asiri a gaban mutane."

Na sake juyawa zan tafi.

"Hammatar kuma tun a ɗakin shiri na ji ta. Na ce ko za ta shaƙe ni sai na sa ta."

Muka hau motar Agege ni da Gwaggo. A Oshodi aka samu wuri a kujerar gaba, ta tashi daga kusa da ni ta koma can.

Talata, 29 ga Yuli, da rana

Tsinuwa. Shi a tunaninsa rufa masa asiri na yi. Har da godiya.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan La'asar

Jirgi ya wuce ɗazu, bangon ɗaki ya yi rawa yadda ya saba. Na samu kaina ina faɗa da Baba a fili, kamar yana kan gadon.

Ɗango ɗaya, Baba. Shekara shida, da aurena, da bayan nan da ba ya miƙewa in ban dafa bango ba, ka ba ni ɗango ɗaya. Mai jinya. Wanda ya yi kwana uku da ledar lemo ka ba shi biyu, har da na sauke waƙa. Kuma ni ka sa na riƙe maka kwalbar tawada kana rubutawa. Ni na kai maka ƙararsa ina yarinya don ka ce min na kyauta, ka ce kuwa, na yi ta jin daɗinta shekara da shekaru. Ashe kai tuni ka yi nadama, ni ka bar ni da ita.

Ban yafe ba. Ban san ma wa zan yafe wa ba a cikinku.

Alhamis, 31 ga Yuli, da hantsi

Gwaggo ta kawo rigar a ledar da na sa ta. Daga bakin ƙofa ta miƙo, ba ta shigo ba.

"Ya ce a mayar da ita inda take, wai ba shi ya dace da ita ba. Ya kuma ce sun gayyace shi ya sake busa abin a Ibadan, ya ce musu a'a. Ya ce ya ajiye shi ke nan, tunda mai waƙar bai so ba." Ta gyara mayafi. "Kin ci nasara, Azumi. Allah ya sa ki ji daɗinta."

Na farke hammatar duka biyun. Na mayar da inci biyun da na cinye, na ƙara rabi. Yagar ta bi tsohon yadi, sai da na yi mata ƙari daga cikin lafin ƙasa, da allurar hannu, don kada ta nuna. Aikin ya ci min yini guda. Ba don shi na yi ba, rigar Baba ce.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Na ja keke na ciro takardar. Shekara guda a ninke, ta kama ƙura da ɗigon man keke a gefe. Na shimfiɗa ƙyalle a kai na bi ta da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi har ta miƙe. Bari in cika baitin a nan, don ba a barin baiti a rataye, haka Baba ke cewa:

Uban Misbahu mai busar nan,
Ya busa da sunana, ban hana ba.

Abin da ya ce da ya rufe min yatsu a kai shi ne, ki ba shi.

Na sa ta a aljihun dama na rigar. Na kai wa Gwaggo na ce ta mayar masa, ni ba ni da wurin ajiye kayan wani. Ban gaya mata komai ba, shi ma ban gaya masa ba. In bai taɓa sa hannu a aljihu ba, ruwansa.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan Azahar

Ina cikin yanka na tuna mutanen tsallaken gada ba sa sa riga sau biyu ba su kai ta wanki ba. Tawadar Baba kuwa ko ɗigon ruwa ba ta jurewa. Na kira shi.

"Kada ka kai rigar nan wanki."

"Don me, Yaya?"

Na kashe.

An yi kamar minti goma, wayar ta fara ƙara. Tana kan teburin yanka tana zagaya kanta. Bari ta yi ta yi. Ni ma na yi shekara shida a ɗakin nan ina jiran a kira.

Sau tara ke nan. A na goma zan ɗauka.